An kama ƙanena da saƙon da bai san abin da ke ciki ba

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena direban haya ne, Kano zuwa Kaduna. Ranar Litinin wani ya ba shi kwali a tasha, ya ce man shafawa ne, ya biya kuɗin saƙo. A hanya jami'ai suka buɗe, sai ga Tramadol. Yau kwana huɗu ko muryarsa ba mu ji ba. Don Allah wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon Direba: Allah ya fitar da shi, Hajiya. Ni ma na kwana a ciki kan buhun da aka ce garin kuka ne. Littafin 'yan kamasho ne ya cece ni, akwai lambar wayar mai saƙon. Ku je tasha yau, kafin shafin ya yi ƙafa.

Mai Kemis: Ni kuskurena sa hannu. Bayan hana maganin tari mai kodin a 2018 aka samu kwalabe a shagona, tsofaffin kaya. Aka rubuta bayani da Turanci, aka ce in sa hannu in tafi gida. Ban tafi ba. A kotu aka karanta, ashe har "ina sayarwa" na amsa. Kada ƙanenki ya taɓa biro sai lauya na zaune.

Malama: Mu da ba su samu yayana ba, Baba suka ɗauka, dattijo mai hawan jini. Lauya ya kawo sashe na 7 na dokar shari'ar laifuka ta 2015, wanda ya hana kama wani a madadin wani. Kafin la'asar suka sake shi. Da ba mu nemi lauyan ba fa?

Magatakardan Lauya: Hajiya, kwana huɗu ya yi yawa. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40. Shari'ar ƙwaya a Babbar Kotun Tarayya ake yi, can za ku nemi beli. In ba hali, Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, kyauta suke tsayawa. Kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi "a kashe magana", ku toshe kunne.

Uwar Biyu: Na gode, Allah ya saka. Har mun fara tara kuɗin, kawu ya sa ragonsa a kasuwa. Bari in kira shi ya dakata. Maigida ya tafi tasha neman littafin.