Rahoto mai shafi 180: in koma LibreOffice ko in koyi LaTeX?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta rahoton aikin rijiyoyin foraj da muka yi a ƙauyukan Mirya. Ya kai shafi 180, ga hotuna, ga jadawalin ruwan da kowace rijiya ke bayarwa a awa. Lasisin Word ɗina ya ƙare, ba ni da halin biya duk shekara, na sata kuwa na tuba da shi. Ƙanena da ke Jami'ar André Salifou ya ce in koyi LaTeX, tsarin da ake rubuta umarni shi ya tsara shafi, abokin aikina ya ce LibreOffice, manhajar kyauta mai kama da Word. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lambobi: in na ƙara hoto ɗaya a babi na 2, sai na bi sauran duka na canza da hannu. Jiya har ƙarfe biyu na dare. Saura mako 6 in miƙa.

Mushe Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba. An gina LaTeX ne bisa TeX, wanda Donald Knuth ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970 saboda littattafan lissafi. Kowane hoto za ka laƙaba masa suna, shi kuma ya ba shi lamba, ya gyara duk inda ka ambace shi. Fayil ɗin rubutu ne zalla, tsohuwar kwamfuta ma ba ta nishi. Sunayen ƙauyuka masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa, ka yi aiki da XeLaTeX, nau'in LaTeX da ke karɓar irin waɗannan baƙaƙe, da haruffan Charis SIL, kyauta ne. Sai dai cikakken TeX Live, kunshin da ake sa LaTeX a kwamfuta da shi, gigabayit da yawa ne, ka tafi da kile (USB) ka kwafa wurin ƙanen naka, kar ka ƙona kuɗin intanet. Overleaf kuma, wato LaTeX na kan intanet, sai da layi mai kyau.

Hajiya ta Zango:
Mushe, ka yi mini afuwa, mako 6 fa ya ce! Shekarata 14 ina buga wa ɗalibai memuwar a shagona, na ga masu kuka a kan jadawali cikin LaTeX.

Ɗan Birni, tambaya ɗaya: wa zai duba rahoton? In mai gidanka a Word yake gyara yana barin jan rubutu, maganar LaTeX ta mutu, don shi LaTeX PDF yake fitarwa. LibreOffice Writer na buɗe docx, wato fayil ɗin Word, yana kuma nuna gyare-gyaren. Tun 2010 yake, ba sabon shiga ba ne.

Kuma ka yi haƙuri, wahalar lambobin nan kai ka ɗora wa kanka. Word ɗin ma yana yi da kansa, ba ka tambaye shi ba ne. A Writer ka danna hoto da maɓallin dama, ka zaɓi Insérer une légende, lamba za ta riƙa bin kanta. Kan babi ka ba shi salon Titre 1, ƙaramin kai Titre 2, kar ka tsaya kana kumbura haruffa da hannu. Daga nan jerin abubuwan da ke ciki zai fito da kansa. Ka yi aikinka a odt, wato fayil ɗin Writer, sai ranar aikawa ka juya shi docx, don yawan kai da kawowa ne ke hargitsa shafi. In rubutun Calibri ne, ka sa Carlito, faɗinsu ɗaya, layuka ba za su goce ba. Hotunan waya kuma ka rage musu nauyi tukuna; su ne ke sa kwamfuta rarrafe.

Mushe Lissafi:
Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Amma in lissafin naka ya wuce na raba lita da awa, ka neme ni bayan ka miƙa.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Mai gidana docx yake so, jan rubutunsa kuwa ya fi nawa baƙin yawa. Na sauke LibreOffice, na gama babi na 1, hotuna 11 sun jeru da kansu. Hajiya, jadawali ɗaya mai faɗi ya ƙi shiga shafi. Zan biyo ta shago gobe bayan la'asar in an kawo wuta.