Inshorar motar da aka ɗauka haya na dogon lokaci: abin da aka tattauna

Shawarar da kowa ya yarda da ita a wani zama da aka yi kan wannan batu ita ce: kafin ka sa hannu, karanta abin da yarjejeniya ta ce kan inshora. Motar ba taka ba ce, ta kamfani ce, don haka galibi ba sa karɓar ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, da NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta ƙayyade wa motocin gida tun Janairun 2023. Cikakkiya suke so, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 10 ke nan sai ka tanadi aƙalla naira 500,000 duk shekara, ban da kuɗin haya.

An daɗe kan batun sata ko ƙonewa. Kamfanin inshora darajar motar a lokacin yake biya, ba sauran bashin da ke kanka ba. Giɓin da ya rage wa zai cike? A tambaya tun farko, a rubuta.

Masu ƙyamar riba suka kawo batun takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Wani dattijo kuma ya ce a duba lambar mota a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, don takardun bogi sun yi yawa.