Ina neman Hausar "prime" da "perfect number" kafin Alhamis

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi darasi a rediyo kan lambar 33,550,336. Cika ce, ba mara ba, wannan ba wuya. Inda na cije: in ka tara duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ita za ka sake samu, kamar yadda 1 da 2 da 3 ke ba da 6. Irin wannan lamba ake kira "perfect number" da Turanci. Ita ce ta biyar bayan 6, 28, 496 da 8,128. Kuma 4,096 ce sau 8,191, ita 8,191 ɗin kuwa "prime" ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Me zan kira "perfect number" da "prime" da Hausa?

Malamin lissafi: Wa'alaikumus salam Malama. Ta farkon, kammalalliyar lamba. Kada ki ce cikakkiya, mai sauraro zai ɗauka cika kike nufi, ga shi duk irinsu da aka gano zuwa yau cika ne.

Dattijo: Ɗayar kuwa gagara-rabo. Na daɗe ina koya wa yara da ita, kuma tana zama a ka.

Malamin lissafi: Baba, ai tana rabuwa, da 1 da ita kanta. Sannan rabo a kunnen Bahaushe arziki ne. Na fi son lamba tilo.

Dattijo: Tilo? To 1 fa? Ba wadda ta kai ta zama tilo, amma ba a lissafa ta cikinsu.

Mai fassara: A ce firam kawai. Ita ɗalibi zai tarar a takardar jarrabawa.

Dattijo: Wannan shi ne ciwona, ɗana. Kullum sai mu miƙa hannu, kamar harshen ba shi da komai a rumbu. Larabawa sun ce awwali, ba su jira kowa ba.

Mai fassara: Allah ya ba ka haƙuri Baba, amma "lamba" kanta daga Turanci take, lissafi da sifiri da ishirin daga Larabci. Wa ke cewa hauya yanzu in yana nufin 20?

Dattijo: Ni ina cewa. Waɗancan kakanni ne suka tauna su har suka narke. Firam danya ce.

Malamin lissafi: Mu koma kan aikin. Malama, ki ƙara da cewa 8,191 irin ta Mersenne ce, wato a ninka 2 da kanta har ta jeru sau 13 a cire 1. Firam mafi girma da aka gano a 2024 ma irinta ce, alƙalumanta sun haura miliyan 41.

Mai tambaya: Na gode. Kammalalliya ta zauna. Ɗayar zan ce firam, in bi ta da bayani: wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Zan ambaci gagara-rabo sau ɗaya, in ji me masu kiran waya za su ce.

Dattijo: Ban gamsu ba, 'yata. Amma in za ki ambace ta, ki sa ta gaba da firam.