Uwar mijina ta ƙi cin girkin yarinyar aikina, ya zan yi?

Salam 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ina Garwa ta Kamaru, koyarwa nake, sai wajen la'asar nake dawowa shi ya sa na ɗauko yarinya 'yar ƙabilar Mafa daga Mokolo tana taya ni girki, Kirista ce, tsafta kam ba a magana. Hajiya uwar maigida ta zo daga Marwa, tana jin wadda ta tuƙa tuwon ta ture kwano wai ita ba ta cin hannun arna, kuma macen da ta bar wa 'yar aiki tukunyar mijinta ba mace ba ce. Ƙannensa kuma nasu daban, wai gidan ma'aikaci guda ana tuwon dawa miyar kuka kamar ƙauye, su dai shinkafa da makaroni. Shi ko ya yi gum. In sallame ta ne?

Maman biyu, Kusuri: Kar ki soma. Biredin da Hajiya ke shan shayi da shi ta san wa ya kwaɓa? Kifin Lagdo da take yaba wa fa, wa ya kamo?

Wani ɗan uwa: Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, balle naman ma wajen mahautanmu kike saye. Kuma a daina kiran mutane arna, yarinyar tana da kunne, tana ji.

'Yar Ngaundare: Ni dai ina ganin ki lallaɓa tsohuwa, baƙuwa ce, ki kaɗa mata miyarta da hannunki ko da asuba ne yarinya ta yi sauran, ba da aya za ki canza mata abin da ta tashi a kai ba wallahi sai dai ku yi ta rigima. Amma ƙannen nan sun ba ni dariya, a nan manyan Alhazai masu shanu nyiri (tuwo) da miyar folere (yakuwa) suke ci, ko tasba (tafasa), ba wanda ya ce musu talakawa. Mai son makaroni ya kawo sefarsa, ga gas ga tukunya.

Maman biyu: To in ta saba mata, ranar da Hajiya ta ce zama ta zo yi fa?

Wata uwa: 'Yata, maigidanki ne zai yi wa mahaifiyarsa magana ba ke ba. Albashinki yana shiga cefane ai, ki zaunar da shi yau da dare.