Ɗan fari da rashin natsuwa a aji: laifin shekarun uwa ne?

Malamar aji ɗaya, Gusau: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana ko da za a yi mini caa. Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya a ajina, ana karatu suna leƙen taga, in na bincika sai in tarar yawancinsu 'ya'yan fari ne da uwayensu suka haifa suna 'yan sha huɗu, sha biyar. Ni dai na ce ƙuruciyar uwa tana taɓa kan yaro.

Hajiya Inna: Haba ɗiyata! Mu da anka kai ɗaki da sha huɗu fa? Ɗiyan da munka haifa ga su nan, har da mai koyarwa a jami'a. Ƙiriniya halin yaro ce, ba yau anka fara ba.

Nas a ɗakin haihuwa: Inna, Allah ya ƙara girma. Amma ku an kai ku goyon ciki gida, ga fura ga nono. 'Yar sha biyar ita ma girma take yi, ita da ɗan cikin kwano ɗaya suke ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu haihuwa ƙasa da shekara 20 sun fi 'yan 20 zuwa 24 haɗarin jijjiga, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko ƙasa da kilo 2.5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya: yarinya ta ɓoye ciki har wata shida, ta zo awo tafin hannunta fari fat, ba ta taɓa shan ƙwayar ƙarin jini ba. Alhali tun daga ciki har yaro ya cika shekara biyu ne ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa da sauri.

Ɗan Anka: Malama, kafin ki ɗora wa uwa, tambayi garinsu yaron. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Dalma tana lalata natsuwa da fahimta, ba ta tambayar shekarun uwa.

Ɗalibin likitanci: An yi bincike kan shekarun uwa da natsuwar yaro a Suwidin, aka wallafa a 2014, kan yara kusan miliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ne 'ya'yan masu haihuwa da wuri sun fi samun larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD. Sai dai har ƙannensu da uwar ta haifa bayan ta manyanta abin bai bar su ba. Kenan akwai gado da yanayin gida a ciki, ba shekarun kaɗai ba.

Malamar aji ɗaya: To na ji. Amma wa ke yi wa ɗan fari magana? Uwarsa ko sunansa ba ta faɗi, a gaban mutane ba ta yi masa wasa, wai alkunya. Yaro da hira yake koyon saurare.

Hajiya Inna: Shi ya sa anka yi kaka. Ni na goya ɗan farin ɗiyata, ni ka yi mai tawai da tatsuniya. Yanzu da 'yan bindiga sunka watse ƙauyukka, yarinya na Gusau gidan haya, uwatta na wani gari, wa za ya karɓa mata?

Nas a ɗakin haihuwa: Malama, yaran nan da kike faɗa, kin taɓa tambayar ko sun karya kafin su zo?

Malamar aji ɗaya: Da yawansu da ruwan koko kawai suke zuwa, wasu ma hakan babu. Ranar Litinin zan tambaye su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke riƙonsu a gida.