Taƙaitawa: Jinkirin Kuɗin Nakasa na Tsofaffin Sojojin Amurka

Ga abin da na tsinto daga wata tattaunawa da aka yi kan jinkirin da tsofaffin sojojin Amurka ke fuskanta wajen neman kuɗin nakasa.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A fara miƙa wa ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji (VA) takardar niyya, wato sanarwar cewa za a nemi kuɗin. Tana ba da shekara guda a tattara hujjoji, kuma in an amince, daga ranarta ake lissafin biya.
2. Kada a kuskura a tsallake gwajin likita. Rashin zuwa na iya sa a yi watsi da buƙata.
3. Fayil ɗin da ya haura kwana 125 shi ake cewa ya maƙale. Dokar PACT ta 2022, wadda ta faɗaɗa haƙƙin sojojin da suka yi mu'amala da abubuwa masu guba a bakin aiki, ta ƙara cunkoso.

Inda aka rabu: wasu na ganin komawa tantance buƙatu da kwamfuta ya rage jira, wasu kuwa sun ce gaggawar ke jawo kurakurai. Wajen ƙalubalantar hukunci ma haka, sai dai an tunatar cewa bitar babban jami'i, wato neman wani babban jami'in VA ya sake duba hukuncin, ba ta karɓar sabuwar hujja.