"Na gani da idona": shin gani ya isa a ce an sani?

Ɗalibi daga Birni:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Tambayata a kan gani da sani ce, kuma zan kawo ta da misali don kada maganar ta tashi sama.

Mu ɗauka ranar Alhamis ce a bakin Kasuwar Dole, ɗan kabu-kabu ya gogi mota. Mutum uku suna wurin. Na farko mai shayi ne, fuskarsa na kallon titi, idonsa biyu, amma yana lissafin canjin jika biyar a ransa. Da aka tambaye shi ya ce bai ga komai ba. Na biyu ya rantse mai motar ne ya taka birki ba zato, amma da aka matsa masa, ashe ƙarar karon ce ta sa ya waiwayo. Na uku ya ce abin ya faru ƙarfe 11 daidai don ya dubi agogon bangon wani shago. Kuma lallai ƙarfe 11 ɗin ne, sai dai agogon ya mutu tun daren jiya a kan 11.

Na farko ya gani ko bai gani ba? Na biyu ƙarya yake yi? Na uku ya san lokaci ko dace ya yi? Kullum ana cewa gani ya kori ji, to wane irin gani?

Malamin zaure, Garin Malam:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kafin a yanke wa mutanen nan hukunci sai an fara daidaita mudu, domin kalmar "sani" a bakinmu tana ɗaukar kaya da yawa.

Malaman usulu, wato masu ilimin tushen fiƙihu, sun rarrabe abin da ke cikin zuciya game da kowace magana. In eh da a'a suka yi kunnen doki, shakka ke nan. In ɗaya ya rinjaya amma ba a rufe wa ɗayan ƙofa ba, mai rinjayen shi ne zato, wanda aka rinjaya kuma wahami. In zuciya ta yanke gaba ɗaya, to nan aikin yake, don yankewar iri uku ce. Ta yanke, abin ya dace da yadda yake a waje, kuma da dalili: wannan ce ma'arifa a wurin malaman tauhidi irin su Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda har yau ake karanta aƙidarsa a zaurukanmu. Ta yanke, ya dace, amma ba dalili sai "haka na ji ana faɗi": taƙlidi. Ta yanke, bai dace ba: jahilci murakkabi, bai sani ba kuma bai san bai sani ba.

Ka lura da kyau, ƙarfin yankewar a ƙirji iri ɗaya ne a duka ukun. Mai ilimi da mai jahilci murakkabi da murya ɗaya za su rantse maka. Rantsuwa tana nuna mutum ya yarda da abin da yake faɗi, ba ta nuna ta wace ƙofa abin ya shigo masa.

Saboda haka ba dole ne mutum na biyu ya zama maƙaryaci ba. Abin da idonsa ya kama shi ne bayan karo: mota a tsaye, babur a ƙasa. Sauran hankalinsa ne ya ƙulla, ya ɗauki istidlali, wato abin da hankali ya ciro daga alamu, ya sa masa rigar gani. Malaman hadisi sun raba abubuwan nan tun da daɗewa: adalci, wato gaskiyar mai ruwaya, daban; dabɗi, wato ƙarfin kiyaye abin da ya ji, daban. Mutum zai zama mai tsoron Allah wanda ba ya ƙarya, a ajiye ruwayarsa don kiyayewarsa ba ta da ƙarfi.

Ga misali daga fiƙihunmu na Malikiyya. Adilai biyu suka ce sun ga watan Ramadan, aka ɗauki azumi da shaidarsu. In aka cika kwana 30, sama tas ba hazo, kuma ba a ga watan Shawwal ba, ana mayar da shaidar tasu. Ido ne ke iya ruɗar adili.

Mai shayi kuwa, kakanninmu sun gama da shi: hankali ke gani, ido gululu ne.

Malamin falsafa a lise, Zango:

Allah ya gafarta Malam, sharuɗɗan nan uku da ka kawo su ne kusan abin da muke koyar da ƴan ajin ƙarshe daga wajen Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka: yarda, gaskiya, da hujja. Amma mutum na uku ya cika su duka, kuma nan ne gizo yake saƙa. Ya yanke cewa ƙarfe 11 ne. Ƙarfe 11 ɗin ne. Dalilinsa kuma shi ne wanda ni da kai muke dogaro da shi kullum, duban agogo. Duk da haka babu mai cewa ya sani, don da minti 20 baya ya duba, 11 ɗin dai zai ce. Misalin agogon da ya tsaya Bertrand Russell ya kawo shi a 1948, sannan a 1963 wani Ba'amurke, Edmund Gettier, ya rubuta maƙala mai shafi 3 kacal da ta nuna sharuɗɗan uku za su iya cika ba tare da sani ya samu ba. Hausawa ma sun hango wannan da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Gyaran da ya fi gamsar da ni shi ne a tambayi hanyar: da abin ya kasance akasin haka, hanyar nan za ta gaya maka? Agogo mai aiki zai canza da lokaci. Mataccen agogo sau biyu yake dacewa a cikin awa 24, sauran lokacin kuma yana nan a kan bakansa.

Batun mai shayi an auna shi. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris a Jami'ar Harvard suka nuna wa mutane bidiyon ƴan wasa 6, uku da fararen riguna uku da baƙaƙe, suna miƙa wa juna ƙwallon kwando. Aka ce a ƙirga sau nawa ƙwallon ta canza hannu a ƙungiya ɗaya. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Kada kuma a ce rashin ƙwarewa ne. A 2013 aka ba likitoci 24 masu karanta hoton huhu aikin neman ƙari, wato ƙullin cuta, aka saka ɗan hoton goggon biri a ciki wanda ya ninka girman ƙarin da suke nema sau 48. Mutum 20 ba su lura ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kai ido daidai wurin. Hankali yana tace abin da bai yi kama da abin da aka aike shi nema ba. Lissafin canji a rai yana cin wannan hankalin.

Malama mai nazarin halayyar ɗan Adam, Sabon Gari:

Sannunku malamai. Ƙanena, ni ba zan yi saurin cewa mai shayi bai gani ba. Akwai gardama biyu a nan kuma ba a gama ta ba. Wasu sun ce abin da hankali bai sauka kansa ba bai taɓa shiga hayyacin mutum ba. Wasu sun ce ya shiga, ya yi ɗan walƙiya ya ɓace kafin a ɗaure shi. Hujjar na biyun gwajin George Sperling ne na 1960: haruffa 12, layi 3, kowane da 4, a haska su kashi 1 cikin 20 na sakan. In aka ce faɗi duka, mutum yakan kawo 4 ko 5. Amma in bayan sun ɓace aka buga ƙarar da ke nuna layin da ake so, yakan kawo kusan 3 cikin 4 na kowane layi aka zaɓa. In aka jinkirta ƙarar da sakan guda, ribar ta tafi. Ke nan ido ya ɗauki fiye da abin da baki ya iya faɗi.

Akwai ma akasin haka. Lawrence Weiskrantz na Oxford ya yi aiki tun shekarun 1970 da majinyatan da ɓangaren gani na bayan ƙwaƙwalwarsu ya lalace. Sukan ce ba sa ganin komai ta gefe ɗaya, amma in aka ce su yi canke, sai su nuna inda haske yake fiye da abin da sa'a kaɗai za ta bayar. Labari ya shiga, aiki ya gudana, amma mutum bai ji ya gani ba. Saboda haka abu uku ne ba ɗaya ba: shigar abu ta ido, jin an gani, da iya ba da labarinsa. Ga mai neman shaida na ukun ne kawai ke da amfani, kuma ta wannan fuskar mai shayi ya fi sauran biyun gaskiya.

Yanzu aikin hannu, ga duk mai sulhu, ko mai unguwa ne ko shugaban ƴan kabu-kabu. A raba shaidu kafin su zauna su tattauna, don mutum biyu da suka sha shayi tare suna mai da zancen sun koma shaida ɗaya. A bar kowa ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba katsewa. Sai a tambaye shi: ina kake tsaye, me hannunka yake yi, me ya sa ka dubi wurin? Amsar "ƙara na ji" ta wadatar a gane duk abin da ya faɗa game da kafin karo ƙiyasi ne. A rubuta a ranar, tare da yadda ya ce ya tabbata, don tabbacin yana ƙaruwa da yawan maimaitawa ko da ƙwaƙwalwa ba ta ƙaru da komai ba.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke ɓata shaida shi ne kalmar mai tambaya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna sun ƙiyasta gudu da ya fi na waɗanda aka ce wa sun taɓa juna da kusan kilomita 14 a awa. A gwaji na biyu, bayan mako guda, 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalma mai zafi sun ce sun ga fasasshen gilashi, 7 cikin 50 na waɗanda suka ji mai sauƙi suka ce haka. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin. Don haka kada a ce "da ya zo a guje fa?", a ce "yaya ya zo?"

Malamin zaure, Garin Malam:

Malam na Zango, ban ga agogonka ya rushe sharuɗɗan ba. A wurin malaman kalam, wato malaman tauhidi, ba kowane abin dogaro ake kira dalili ba. Dalili shi ne wanda ke da alaƙa ta gaske da abin da yake nunawa. Wanda ya yi kama da dalili alhali alaƙar ta yanke, shubuha sunansa. Mataccen agogo shubuha ne.

Malamin falsafa a lise, Zango:

Na karɓa, Allah ya gafarta Malam, amma ka ga inda ta kai mu. Mai duban agogon, daga cikin ransa, ba shi da yadda zai bambance dalili da shubuha a wannan kallo ɗaya. Ke nan bambancin wanda ya sani da wanda ya yi dace yana jikin agogon, ba a ƙirjin mutumin ba.

Malamin zaure, Garin Malam:

Haka ne, kuma shi ya sa sharaɗi na biyar na ingancin hadisi shi ne kuɓuta daga illa, wato ɓoyayyen aibi a isnadi, jerin masu ruwayar hadisi, wanda zahirinsa lafiya lau. Ba a gano illa da ƙura wa isnadi ɗaya ido, sai an tattaro hanyoyin hadisin duka an gwama su. Ɗana na Birni, mutuminka na uku da ya ciro wayarsa ya gwada da agogon, da ya samu hanya ta biyu. Ko ya tsaya minti 2 ya sake ɗaga kai, ya ga ko dogon hannun ya motsa.